NAZARI: Masu koyon aikin saba na ƙaruwa, amma wa za a damƙa wa amanar rumbun bayanai?

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur kuma aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, lissafin gidajen ma'aikatan tarayya da dama ya rikice. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa, bayan doguwar ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago, a kan Naira 70,000 ya tsaya a watan Yulin 2024.

Daga nan ne hankali ya karkata ga aikin jinga ta intanet, wato mutum ya karɓi aiki a yi tsada, ya gama a biya shi, ba tare da ya zama ma'aikacin kowa ba. Aikin Dala 500 da matashi zai yi wa wani kamfani a Turai daga ɗakinsa a Kubwa ko Nyanya, idan aka canza a kan 1,500, ya kama Naira 750,000, ninkin mafi ƙarancin albashi fiye da sau 10. Wannan lissafi ne ke sa magidanci ya ci bashin ƙungiyar gama-kai ta ofis ya saya wa ɗansa kwamfuta, shi ne kuma ke sa wasu ma'aikatan raba dare suna koyon rubuta manhaja.

Gwamnati ma ta bi sahu. A ƙarshen 2023 Ministan Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Dijital, Bosun Tijani, ya ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar NITDA, da burin horas da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha. An ɗauki 30,000 a rukunin farko, aka ware gurbi 270,000 a na biyu, kuma gina manhaja na cikin darussan da ake koyarwa.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masu satifiket sun wadata a kasuwa. Waɗanda ke ƙaranci su ne mutanen da za a miƙa wa bayanan jama'a da kuɗinsu a kwana hankali kwance, kuma wannan ƙwarewa tana can ne a ɓangaren da ido ba ya gani, wato aikin saba.

Teburin baƙi da rajistiri

Kowane shafin intanet yana da ɓangare biyu. Akwai fuskarsa, wato launi da rubutu da maɓallan da mai ziyara ke latsawa a wayarsa. Akwai kuma saba, kwamfutar da ke ajiye a wata cibiya tana aiki dare da rana. Ita ke karɓar buƙata, ta tantance mai nema, ta duba rumbun bayanai, ta yi lissafi, sannan ta mayar da amsa.

Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Fuskar shafi ita ce teburin karɓar baƙi, saba kuwa ita ce rajistiri, inda fayiloli suke, inda ake sanin wa ke da hurumin ganin wane fayil da kuma wanda ya ɗauke shi jiya. Ofis yana iya tafiya da tebur marar kyan gani, amma ranar da rajistiri ya hargitse aiki ya tsaya. Duk sa'ad da ma'aikaci ya ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, ko albashinsa ya fito ta tsarin IPPIS, saba ce ta yi aikin.

Da harsunan kwamfuta ake rubuta umarnin da saba ke bi. Akwai PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, kuma da shi aka gina WordPress, manhajar da ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Akwai Python da tsarinsa na Django, akwai kuma Node.js da ke ba da damar amfani da JavaScript a saba. A gefe guda ga rumbunan bayanai irin su MySQL da PostgreSQL, waɗanda ake yi wa tambaya da harshen SQL. Masu fara koyo kan ɓata watanni suna gardamar wane harshe ya fi, alhali duka suna iya aikin. Inda ake bambanta shi ne tunanin da aka yi kafin a rubuta layin farko.

Darussa biyu da ƙasa ta biya da tsada

A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen 'yan Majalisar Tarayya ya riƙa shiga shafin IReV na hukumar INEC, amma na shugaban ƙasa ya ƙi shiga. A rahoton da hukumar ta fitar daga baya, ta ce an tsara manhajar ne ta riƙa jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ƙasa ce baki ɗaya, ba ya ƙarƙashin wata jiha a rumbun, don haka saba ta kasa sama masa gurbi, ta riƙa mayar da saƙon kuskure. A cewar rahoton, sai kusan ƙarfe 9 na dare takardar sakamakon farko ta shiga.

Jam'iyyun adawa ba su gamsu da wannan bayani ba, aka dangana da Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da zaɓen a watan Oktoban 2023. Amma ko da an ɗauki maganar hukumar yadda ta faɗe ta, darasin a fili yake. Tambaya guda da ba a yi ba lokacin tsara rumbu, da gwaji guda da ba a gudanar ba kafin ranar zaɓe, sun ci wa hukumar amincin da za ta daɗe tana neman dawo da shi.

Na biyu shi ne jarabawar JAMB ta 2025. A ranar 14 ga Mayu, Magatakardar hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban manema labarai cikin hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Dalilin da ya bayar shi ne an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu sabobin da ke hidima wa waɗannan cibiyoyi ba. Tilas ɗaliban suka sake zama jarabawa.

A duka biyun, babu wanda ya yi kukan cewa shafi bai yi kyau ba. Matsalar farko ta tsarin bayanai ce, ta biyu kuma ta yadda ake ɗora gyara a kan saba. Waɗannan su ne darussan da gajeren kwas ya fi tsallakewa.

Abin da ake koya, da lokacin da yake ci

Kayan karatu ba su ne matsala ba. Jami'ar Harvard tana ba da kwas ɗin CS50 kyauta ta intanet, har da wani reshe nasa kan gina shafuka da Python da JavaScript. Dandalin freeCodeCamp da The Odin Project su ma kyauta ne. Wanda ya dage, cikin 'yan watanni zai iya gina shafin da ke karɓar suna ya adana. Daga nan ne ainihin karatun ke farawa, kuma galibinsa sai a bakin aiki.

Matakin farko shi ne tsara bayanai yadda za su dace da mutanen da za a yi wa hidima. Ɗan Najeriya guda yana iya zama Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar firamare. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, wata kuma ta sauya suna bayan aure. Rumbun da ya dogara da suna wajen gane mutum zai haɗa mutum biyu ya mayar da su ɗaya, ko ya raba mutum ɗaya gida uku. Idan kuma ba a saita rumbun ya karɓi haruffa masu lanƙwasa ba, Ɗanladi da Ƙasimu za su fito da alamar tambaya a farkon sunansu.

Na biyu shi ne kuɗi. Ƙwararru ba sa adana kuɗi da lambobi masu ɗigo, domin lissafin kwamfuta a kansu yana barin ɗan kuskure da ke taruwa. Shi ya sa tsarin Paystack ke karɓar adadi da kwabo, Naira 5,000 ta zama 500,000. Sannan a ƙasar da sabis kan yanke ana tsakiyar biya, wajibi ne saba ta iya gane cewa wanda ya latsa maɓalli sau biyu biya ɗaya yake nufi, ta kuma tabbatar da shigar kuɗi daga kamfanin biyan kansa kafin ta saki kaya. Kukan nan da aka saba ji na “an cire min kuɗi ba a ba ni rasit ba” sau da yawa daga wannan giɓi yake fitowa.

Na uku shi ne tsaro. A jerin manyan haɗurra 10 da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2021, wanda ya zo na ɗaya shi ne raunin tantance hurumi, misali ɗalibi ya sauya lamba guda a adireshin shafi ya ga sakamakon wani. Akwai kuma cusa wa rumbu mugun umarni ta gurbin rubuta suna, da adana kalmomin sirri tsirara ba tare da an rikiɗa su ba. Wannan ya wuce batun iya aiki, ya zama na doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta kai rahoton kutse mai haɗari ga hukumar NDPC cikin sa'o'i 72, ta kuma tanadi tarar da za ta kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa.

Sai na huɗu, wanda ba ya burge kowa: ajiye kwafin rumbu a wani wuri dabam, gwada dawo da shi kafin ranar masifa, adana tarihin kowane gyara da Git, da rubuta bayanin aiki domin wanda zai gada. Kwas na wata uku yana iya nuna wa ɗalibi ƙofar waɗannan abubuwa. Zama gwani a kansu kuwa aikin shekaru ne, kuma ya fi sauri a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware.

Kasuwar dala ta matse wa sababbin shiga

Alamar farko ta bayyana tun kafin a fara zancen ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horas da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a watan Satumban 2019. Hujjarsa ita ce abokan hulɗarsa manyan injiniyoyi suke nema. Idan kamfanin da ya gina sunansa kan sayar da ƙwazon sababbin shiga ya kai ga wannan matsaya, ɗan jingar da ke tafe shi kaɗai sai ya yi wa kansa lissafi.

Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 da manhajoji irin su GitHub Copilot, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke cin abinci da su, kamar haɗa fom ko gyara ɗan kuskure, sun zama abin da mai aikin zai iya yi da kansa cikin mintuna. Waɗannan manhajoji suna rubuta umarni da sauri, amma suna kuskure cikin salon da ke kama da daidai. Don haka darajar wanda zai duba ya ce wannan layi zai buɗe ƙofa ga ɓarawo ta ƙaru, ta wanda kwafa kawai ya iya kuma ta faɗi.

Ga kuma ɗawainiyar da masu tallar kwas ba sa ambata. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, wato Dala 500 ta koma 400 tun kafin a zo kuɗin cirewa da na canji. A Upwork sau da yawa sai mutum ya kashe kuɗi kafin ya nemi aikin da ba lalle ya samu ba, yana gogayya da ƙwararru daga Indiya da Pakistan da Gabashin Turai masu ɗaruruwan shaidun yabo. Shekaru da dama PayPal bai bar 'yan Najeriya su karɓi kuɗi ba, sai dai su aika, abin da ya tura su ga Payoneer da makamantansa.

A gida kuma, an ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, sannan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris, 2024, da duhun fiye da mako guda da jihohin Arewa suka shiga a watan Oktoban shekarar, sun nuna cewa wa'adin da ɗan jinga ya ɗauka ba a hannunsa kaɗai yake ba. Mai aikin da ke Jamus ba ruwansa da uzurin layin Shiroro.

Haraji ma yana jira. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ranar fara aikinta ita ce 1 ga Janairu, 2026, tana ɗora haraji a kan kuɗin shigar mazaunin ƙasar ko daga ina suka fito. An yafe Naira 800,000 na farko a shekara, daga nan kason yana hawa har zuwa kashi 25. Ɗan jinga ba shi da akantan da zai cire masa daga albashi, shi zai kai kansa hukumar harajin jiharsa ko ta Birnin Tarayya.

Ƙofar da ta fi kusa

Ga mafi yawan masu koyo, hanyar shiga tana gida. Makarantu masu zaman kansu suna buƙatar shafin duba sakamako da biyan kuɗi, kantunan magani suna son lissafin kaya, ƙungiyoyin gama-kai suna son kowane mamba ya ga ajiyarsa da bashinsa. Kuɗin ba ya kai na waje, amma a nan ne mai koyo ke gamuwa da mutane na gaske, masu ƙaramar waya da data ƙalilan, waɗanda za su latsa abin da bai taɓa zato ba. Manhaja guda da makaranta ta yi shekara biyu tana amfani da ita ba ta faɗi ba, ta fi satifiket goma nauyi a idon mai ɗaukar aiki, na gida ko na waje.

A wannan kasuwa rikici ya fi tasowa daga rashin yarjejeniya a rubuce. Wanda ya san sana'ar yakan rubuta iyakar aikin, ya karɓi kafin alƙalami, ya raba kuɗin gini da na kulawar wata-wata, ya kuma yi rajistar adireshin shafin da sunan mai shi. Labarin magini da ya ɓace da kalmomin sirri ya bar ma'aikata ba ta iya shiga shafinta, sananne ne a ofisoshi, kuma shi ke ɓata wa na kirki suna.

Kwangilar gwamnatin tarayya kuwa ba ta ɗan jinga ba ce kai-tsaye. Ana neman rajistar CAC, shaidar biyan haraji, takardun PenCom da ITF da NSITF, da rajista a hukumar BPP. Abin da kan biyo baya shi ne mai takardu ya ci kwangilar, ya ba matashi aikin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka samu matsala, wanda ya sa hannu bai san aikin ba, wanda ya san aikin kuma ba ya cikin fayil.

Inda doka ta tsaya wa ma'aikaci

Ga ma'aikacin da ke tunanin yin jinga da daddare, akwai shingen da ya kamata ya sani. Sakin layi na 2 a Kashi na 1 na Jadawali na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa. Noma kaɗai aka keɓe. Hukuncin da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata za ta iya yankewa ya haɗa da sauka daga muƙami da haramcin riƙe ofis har tsawon shekara 10. Dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta kuma hana jami'an da ta lissafa mallakar asusun banki a wajen Najeriya, alhali yawancin hanyoyin karɓar kuɗin jinga lambar asusu ta waje suke ba mutum. Hadimin da ke riƙe da muƙamin siyasa shi ma ya kamata ya duba sharuɗɗan takardar naɗinsa kafin ya buɗe irin wannan asusu.

Koyo dai ba laifi ba ne, kuma ofis ne ya fi buƙatarsa. Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Walson-Jack, ta sa wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba, 2025 su daina aiki da takarda. Kowane fayil da ya bar kanta ya koma saba, yana buƙatar jami'in da ya san inda sabar take, wa ke riƙe da makullanta, da yaushe aka yi mata kwafi na ƙarshe. Daraktan da zai sa hannu a takardar kammala aiki, ko hadimin da zai rubuta wa minista shawara, idan ya iya tambayar ɗan kwangila ko an gwada manhajar da mutum 50,000 a lokaci guda, zai tsare wa gwamnati kuɗin da ya fi abin da jinga za ta kawo masa.

Nan ne kuma ya kamata a auna shirin 3MTT. Adadin waɗanda suka yi rajista ko suka karɓi satifiket bai isa ma'auni ba. Majalisa da masu ba da shawara suna da hurumin neman a faɗi nawa ne ke cin abinci da sana'ar shekara guda bayan kammalawa. Hukumomi irin su Galaxy Backbone da NIMC, da kamfanonin da ke cin kwangilar manhaja, za a iya wajabta musu ɗaukar almajiran aiki na wata 12 a ƙarƙashin ƙwararru. NITDA, wadda tuni take tantance ayyukan fasaha na hukumomin tarayya, tana iya ƙara sharaɗin a rubuta sunayen ainihin maginan a kwangila, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an miƙa wa ma'aikata rubutun manhajar da makullanta.

Shi kuwa magidancin da ya ci bashi ya sayi kwamfuta, gara ya tsara kasafinsa a kan shekara biyu maimakon wata uku, ya kuma nema wa yaron wanda zai zauna a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake kai yaro wajen tela ko makaniki. Idan zai tambaye shi ci gaban karatu, ya tambaye shi wa ke amfani da abin da ya gina, kuma me ya yi ranar da ya lalace.